Ba Tabo a Jikin Rahamatu

Ni masunci ne. Wanda ya girma yana kiran mutane daga wannan gaɓa zuwa waccan bai iya magana ƙasa-ƙasa ba. Abin da ya kayar da ni ke nan.

Ɗiyata Rahamatu tana aure a wani tsibiri cikin tafkin Kainji, gaba da Wara. Mijinta Yaro bai taɓa ɗaga mata hannu ba. In ta ɓata masa rai sai ya yi shiru, ya kwance kwalekwale, ya ɗauke har filafilin tuƙi na biyu da ke jingine bayan ɗaki, don kada ta tuƙa tsohon kwalekwalen da ya rage, ya tafi. Ya bar ta da goyo, ba hatsi, ba maƙwabci sai ruwa. Sai ranar da ya ga dama ya dawo yana murmushi. A karo na ƙarshe masu jan taru ne suka ji kukan jaririn, suka tsallako da ita. Na rantse ba za ta koma ba.

Yaro ya kai ƙarata ofishin wata ƙungiya mai sasanta iyali. Jami'ar, Malama Sa'adiyya, ta dubi hannuwan Rahamatu da wuyanta.

"Ya taɓa dukanki?"

"A'a."

"Zagi fa?"

"Ba shi zagi."

Yaro ya sauka daga benci ya durƙusa gabana. "Baba, in na yi laifi a yafe mini. Su nake fita, in kamo kifi don su ci."

"Su da filafili biyu?" na ce. "Hannu huɗu gare ka?"

Wallahi ban san muryata ta cika ɗakin ba sai da na ga Malama ta ja kujerarta baya tana kiran maigadi.

"Baba, a aikin nan mun san faɗa iri-iri," ta ce. "Akwai mai duka, akwai mai tsawa. Dubi yadda ɗiyarka ke rawar jiki."

Tun shigowar Yaro take wannan rawar. Maigadi na riƙe da hannun rigata na waiwayo.

"Malama, mai shiru fa? Kun san shi?"

Aka fitar da ni, aka rufe ƙofa. Da suka fito an riga an sasanta.

"Baba, bari in koma," Rahamatu ta ce, idonta a ƙasa. "Kada a ce kai ka kashe mini aure."

A bakin ruwa na naɗe filafilina cikin tabarma na miƙa mata. Yaro ya riga ta kai hannu, ya karɓa da hannu biyu cikin ladabi.

"Mun gode, Baba. Kawo in riƙe mata, da nauyi."

Ya shimfiɗa shi a cikin kwalekwalen, ya ɗora ƙafa a kai.

Da suka yi nisa na buɗe wannan muryar tawa na kira sunanta. Na san ta ji, don har masu wanki a waccan gaɓar sun ɗago kai. Ba ta waiwayo ba. Yaro ne ya ɗago mini hannu.