Ta Guje

"Ɗiyarki ta ƙi bin karatu, Ma'u," in ji Malam Lukuman, yana tsaye bakin zaure da allon Hanatu a hannu. "Kwana goma ke nan. Haruffa biyu take rikitawa: duk inda ta guje take, ita sai ta sa ta kuri."

Nic ce, "Allah gafarta Malam, ba duka ta ake hwaɗi ba?"

"Duka ta ake hwaɗi. Amma guda shimfiɗe take awa ƙwarya, da ɗigo biyu bisa, ita ce ta guje. Guda dunƙule take awa dawon hura, ita ce ta kuri. Kowace da wurinta. In Laraba ta zo ba ta gyara ba, ki riƙe abarki gida."

Ni kaina a babbaƙu karatuna ya tsaya, surorin salla ma da kunne na kama su. Na yi wa Allah alkawali Hanatu sai ta duba Alƙur'ani da idonta. Kuma garinmu Karakkai duka ba wani malami sai wanga da yaz zo daga Bilbis. Ubanta ya tahi Gusau da jakai kai auduga, balle in ce ya yi mata magana.

Na zaunar da ita gindin turmi.

"Ke, mi ya haɗa ki da ta guje?"

"Inna, gudu takai."

"Wa ya hwaɗa miki?"

"Sunanta. Ran nan na rubuta surar Tabbat, na aje allo jikin rumbu, na je shan ruwa. Kahin in dawo ta guje. Malam kuma ni ya doka, ba ita ba. Ta kuri ko ba ta da ƙahwa, inda ka aje ta nan kake iske ta."

Na dubi rumbu. Ga akuyata Tambaya kwance gindinsa tana tuƙa, leɓenta baƙi ƙirin. Tawada da ƙaro ake dama ta, kuma akuyar nan ba abin da take so awa ƙaro.

Nic ce, "Tambaya ta lashe ta."

"To mi ya hana ta lashe sauran?"

Ga tuwo bisa wuta na jirana. Sai nic ce, "Dabbar da ke gudu mi ake mata?"

"A ɗaure ta ga turke."

"To ki ɗaure ta."

Ran Laraba da hantsi sai ga Malam, rawani a karkace, Hanatu na biye tana murmushi. Ya miƙo min allo. Ta guje na nan daram inda ya kamata, ɗigonta biyu. Amma gabanta an ja igiya, an kafa wani dogon turke.

"Kin san mi wanga turke ya zama?" in ji shi. "Alu! Ta ƙara wa surar Allah harafi! Tabbat ta koma tabbata!"

"Astagafirullahi. Amma Malam, ai ta tabbata ɗin," in ji Hanatu. "Tun jiya ba ta motsa ba."

Na kai mata dundu, ba mai zahi ba. Malam ya juya baya yana tari, kafaɗunsa na rawa. Ban sani ba ko hushi ne.

Na kamo Tambaya, na ɗaure ta gam gaban idonsu, na kahwa ƙusa can bisa bango inda za a riƙa rataye allo. Sannan na durƙusa.

"Allah gafarta Malam, harafin dai ta rubuta shi, kai ma ka gani. Turken ne laihi, kuma ni na sa ta. Ka ba mu zuwa Laraba mai zuwa mu tumɓuke shi a hankali, don Allah. Ka ji, Malam?"