Karen da Ke Jin Hausa

Takardar ni na manna ta da hannuna a jikin ƙofar ginin da nake gadi a Bin Mahmud, a shekarar da Doha ta cika da ƙura da ramuka ana shirin wasannin Asiya. Da Larabci da Turanci aka rubuta ta, har da hoton kare da igiya a wuya saboda irinmu da boko bai ratsa ba. Mudir, wato manajan ginin, ya tsaya a kaina har na gama mannawa, ya ce duk karen da ya fito babu igiya in sanar da shi. Karnuka uku ne kacal a ginin, kuma tun a lokacin na san wanda zai hana ni sakat.

Garzali direban wani Bature ne injiniyan gas da ke hawa na huɗu. Mutumin Kazaure ne, ɗan gidan mafarauta, kuma bai taɓa bari kowa ya manta da haka ba. Ɗaki ɗaya muke kwana a Al Asmakh, mu shida, saboda haka tarihin karnukan babansa na haddace shi ba da son raina ba. Tuƙi aka ɗauko shi yi, amma da matar Baturen ta lura ba ya ƙyamar karenta kamar sauranmu, sai ta ɗora masa fita da shi kullum bayan la'asar. Baƙin kare ne ƙato, mai sanyin hali. Madam tana kiransa Biskit, Garzali ya ce wannan cin mutunci ne, ya raɗa masa Duna.

Daga ƙofa zai fito da igiyar a hannu kamar mutumin kirki. Yana shan kwana zuwa filin yashin da ke bayan ginin, kusa da shagon wani Ba'indiye ɗan Kerala, sai ya kwance ta ya naɗe ya cusa a aljihu.

"Garzali, ka ɗaure karen nan," na ce masa tun a makon farko.

"Baba Haladu, akuya ake ɗaurewa," in ji shi. "Kare da murya ake riƙe shi. Tsaya ka gani."

Ya ce zauna, kare ya zauna. Ya ce zo, ya zo. Ya ce tsaya, ya tsaya cak da ƙafa ɗaya a sama. Sannan ya ciro wani tsohon ƙwallo ya wurga can nesa, Duna yana kallo yana rawar jiki amma bai motsa ba, sai da Garzali ya ce, "Kama shi." Kafin in kifta ido ya kai ga ƙwallon ya dawo da shi.

Ba zan ɓoye ba, abin ya burge ni, kuma haushin da na ji kenan. Na ce masa takarda ba ta san murya ba, igiya ta sani. Ya yi dariya ya ce ai ya fi masu igiya tsaro, domin karen nan yanzu Hausa kawai yake ji. Balarabe ya yi ta ihu, Ba'indiye ya yi ta ihu, Madam kanta ta yi ta kiran Biskit, ko kunne ba zai kaɗa ba. "A unguwar nan wa ke jin Hausa in ba ni da kai ba?" in ji shi.

A wata na biyu wata tsohuwa 'yar Masar ta hango karen a sake daga tagarta ta kai ƙara. Mudir ya kira Baturen, Baturen ya kira Garzali a gabana ya ɗaga yatsa ɗaya. Ya ce in aka sake, zai gaya wa kafil, wato wanda ya tsaya wa Garzali ya shigo ƙasar, a soke masa biza, khalas, shi ke nan. Garzali ya sunkuyar da kai yana ta cewa to. Na san abin da bizar nan take a wurinsa. Shekara uku yana neman hanyar fitowa, gininsa a Kazaure ya kai linta, kuma matarsa Hannatu tana da tsohon ciki.

Kwana tara ya yi yana riƙe da igiya. Sai ka gan su abin tausayi, kare yana ja gaba, mutum yana ja baya, kowanne fuska a murtuke. A rana ta goma ya leƙa tagar tsohuwar ya ga labule a sauke, ya durƙusa ya kwance.

Daga ranar ban ƙara samun natsuwa da la'asar ba. In zauna a kujerata, in miƙe, in je kwanar gini in leƙa, in dawo. Shayina ya kan huce ban sha ba. In na ji ƙarar birki a titi sai in ruga in dubo. Aikina ne in kai rahoto, na sani, amma ta yaya zan kai ƙarar mutumin da muke cin tuwo a kwano ɗaya ranar Juma'a? A ɗaki na yi masa faɗa, na yi lallashi, na haɗa shi da Allah. Ya ce minti goma ne kawai, karen ma rai gare shi, kuma shi ba zai iya kallon dabba tana shaƙewa a hannunsa ba.

Wata ranar Laraba ce, zafi ya ɗan sassauta. Ina tsaye a kwanar kamar kullum, Garzali yana tsakiyar fili, Duna yana zaune a gefensa yana jiran ƙwallo. Sai wata mata ta fito daga shagon ɗan Kerala da ledoji a hannu biyu. Baƙar abaya ce a jikinta, ban kawo komai a raina ba, na ɗauka 'yar Sudan ce. Yarinya 'yar kamar shekara takwas tana biye da ita, da wani ɗan yaro da bai wuce uku ba. Yaron ya fizge hannunsa ya sheƙa a guje ya nufi titi, inda manyan motoci ke wucewa ba sa kallon kowa.

Matar ta ɗaga murya da dukkan ƙarfinta ta ce, "Jannat, kama shi!"

Hausa ce tsantsa, ta Zazzau. Ni na ji, Garzali ya ji, Duna ma ya ji. Babu ƙwallo a sama, abu ɗaya ne kawai ke gudu a filin nan.

Garzali ya buɗe baki zai ce tsaya, muryar da yake taƙama da ita ta maƙale. Ko da ta fito, karen ya riga ya cim ma yaron, ya cafki hannun rigarsa ya kai shi ƙasa. Saura taku nawa ya kai kwalta? Na auna daga baya, goma sha ɗaya ne. Ko yarinyar za ta riske shi kafin nan, Allah ne masani, ni dai har yau ban yanke ba.

Duna ya saki, ya koma gefe yana kaɗa wutsiya yana jiran yabo. Yaron yana tsala kuka, haƙori ya karce masa dantse, haɓarsa ta fashe a kan tsakuwa. Uwar ta zubar da ledojin ta durƙusa tana duba ciwon da hannun da ya saba, ta ciro hankici ta danne. Daga baya muka ji likita ce, Dakta Haulatu, makonsu biyu da tarewa a ginin da ke kallon namu.

Garzali ya matso. "Hajiya, ki yi haƙuri. Wallahi ba ya cizo. Maganarki ya ji."

Ta ɗago ta dube shi, ta dubi karen. "Maganata?"

"Kin ce kama shi. Da ita nake aikensa."

Ta rungume yaron yana shessheƙa a ƙirjinta. "Malam, wa ya aike ka koya wa kare Hausa a titin mutane?" in ji ta, a hankali. "Ina igiyarsa?"

Bakin igiyar yana leƙowa daga aljihunsa, ja, kowa yana gani. Mutane sun riga sun taru, ɗan Kerala ya fito da ruwan gora, tagar tsohuwa a buɗe, Mudir yana saukowa daga matakala da waya a kunne. Babu wanda ya tambaye ni komai, kuma na ji kunyar sauƙin da hakan ya yi mini.

Dakta Haulatu ba ta kira 'yan sanda ba. Ta ma je ta sami Baturen ta ce ɗinki biyu ne kawai, a yi wa Garzali afuwa. Baturen ya ce ya riga ya ɗaga yatsa sau ɗaya, ba ya ɗaga na biyu.

Ranar tafiyarsa da hantsi Garzali ya zo karɓar fasfo, jakarsa a kafaɗa. Madam ta sauko da Duna a ɗaure, idonta ja, ta miƙo masa takarda da biro. Ta ce har yanzu karen ba ya saurarenta, ya taimaka ya rubuta mata kalmomin. Ya dafa takardar a kan teburina ya rubuta zo, ya rubuta zauna, ya rubuta tsaya. Ta ce tana jin kamar huɗu ne. Ya ce uku ne, ya mayar mata da biron.

Da ya juya zai tafi, Duna ya zabura zai bi shi har ya kusa kayar da ita. Garzali bai waiwayo ba, ya ce, "Zauna." Karen ya zauna a bakin ƙofa, ƙarƙashin takardar da na manna, yana kallonsa har tasi ta sha kwana. Madam ta ja igiya, ta duba takardarta, ta ce zo da irin bakinta, bai tashi ba. Sai da ni, da ban taɓa yarda kare ya shinshine ni ba, na sauko daga kujerata na ce masa zo.