Inda Sallama Take Daskarewa

Jiya da dare wani mafarki ya ɗauke ni, ya kai ni inda ko a zamanin da nake aikin safiyo, ina awon ƙasa, ban taɓa takawa ba.

Na tsinci kaina a wani ofis marar rufi. Bayan tebur wata tsohuwar akuya ce da tabarau, tana tauna taswirar duniya a hankali, har ta cinye rabin Turai.

"Malam Sidi," in ji ta, "hukumar bincike ta zaɓe ka. Za ka je can ƙarshen duniya ta kudu, ka gano mana inda sallamar da ba a amsa ba take zuwa."

"Ranki ya daɗe, me ya sa sai ni?"

"Kai ka fi kowa aikawa da ita."

Ban yi musu ba, don gaskiya ta faɗa. Tun da matata Lantana ta rasu ban daina sallama a ƙofar ɗakina ba. Baki ya riga ya saba. In yi sallama, in ɗan tsaya, sannan in shiga in kunna fitila. Da can tun daga madafa za ta ce, "Wa alaikumus salam, an dawo?" kamar ba ta ga na dawo ɗin ba. Tambayar nan da nake yi wa dariya, ita nake nema yanzu ido rufe.

Sai ga ni cikin kwalekwale a tsakiyar hamada, muna tuƙi a kan rairayi. Abokin tafiyata wani raƙumi ne, Farfesa Agali, shi ke riƙe da kayan awo. Ruwan sama yana tashi daga ƙasa zuwa gajimare, don haka muka kifa laima ƙarƙashin ƙafafunmu. Na ji daɗin samun abokin hira, na ɗauko masa labarin Lantana tun daga farko. Ya saurara yana taunar iska, da na gama ya ce, "Wannan ba fannina ba ne." Da muka isa bakin teku ya miƙo mini jakar awon, ya ce nan iliminsa ya tsaya, ya durƙusa ya zama tsibiri. Na ci gaba ni kaɗai.

Daga nan babu komai sai fari. Ƙanƙara gaba, ƙanƙara baya. Rana ta maƙale a gefen sama kamar baƙuwar da ta yi ban kwana amma ta ƙi tashi, har na rasa ko azahar zan yi ko isha. Na ciro kamfas, allurarsa ta juyo ta nuna ni. Na yi tari don in ji motsin mutum, tarin ya daskare ya faɗo kan takalmina. Kaɗaici na sani, amma irin wannan ban taɓa ɗanɗana ba.

Can na hango tsibi-tsibin wasu fararen dunƙule kamar fura. Mai gadinsu wani tsuntsu ne gajere, baƙar riga, farin ƙirji, yana tsaye ƙiƙam kamar masinjan alƙali.

"Salamu alaikum," na ce.

Sallamar ta fito, ta dunƙule, ya cafe ta ya jefa kan wani tsibi. "Naka ke nan," in ji shi. "Malam, ka kusa yi mana tsauni."

"To ba a amsawa ne sam?"

"Ana amsawa mana. Sanyi ne ke kama amsar a hanya."

Ya tona ƙarƙashin tsibin ya ciro wani ɗan dunƙule ƙulle a bakin zane. Na gane zanen, shi take ɗaurawa in za ta yi tuwo. Na karɓa. Babu wuta a ƙasar, sai na rufe dunƙulen da tafina ina hura masa numfashi. Yatsuna suka mutu, ban saki ba. Ya fara ɗiga. Na kai shi kunne, na ji jan silifa, na ji an ajiye muciya, na ji gyaran muryar nan da na sani. Sannan, can ƙasa-ƙasa: "Wa alai…"

Sai waya ta yi ƙara a cikin jakar awo. Akuyar ce.

"Malam Sidi, hukuma ta yaba da aikinka. Me kake so a yi maka?"

"Ranki ya daɗe, ni sallamata kawai nake jira, saura kaɗan…"

"Sallama? Wannan ai mai sauƙi ne. An sallame ka."

Na ji ta buga hatimi da kofato.

"Ba wannan sallamar ba!" na ce. Amma aikin gama ya gama. Tsuntsun ya kama bakin ƙanƙarar ya fara naɗe ta kamar tabarma. Na damƙe dunƙulen, ina roƙon a bar ni in ji ƙarshen kalmar, hatimin kuwa sai bugawa yake yi, bam, bam, bam.

Ashe ƙofar gidana ake bugawa. Gari ya waye, tafina jiƙe da gumi, babu komai a ciki. Ɗanjuma mai ruwa ne, jarkokinsa suna gwaruwa a cikin kura.

"Salamu alaikum! Baba, a sauke ruwa?"

Na zabura, don na ga inda sallama take zuwa in an bar ta ba amsa. "Wa alaikumus salam," na ce da ƙarfi, "an dawo?"

Ɗanjuma ya ce, "Baba, ai ban je ko'ina ba."

Na ce na sani, ya sauke biyu.