Wasiƙar Mai Burodi

Mijina bakanike ne, kuma a ganinsa duk wasan da ba ya sa babban yatsa ciwo ba wasa ba ne. Tun da na saka wani wasan labari a kwamfutar falonmu ya sa ni gaba. Irin wanda mutanen cikin hoto suke magana kana karantawa, can a ba ka zaɓi biyu ko uku, abin da ka zaɓa shi zai juya labarin. Ya ce wannan ai littafi ne ya ari rigar wasa. Ƙaninsa, mai zuwa cin abincin rana kullum kamar da tukunyata aka yanke masa cibiya, ya ɗaure masa gindi, wai su ƙwallon bidiyo suke bugawa.

Na ƙyale su. Mako uku ina lallaɓa labarina. Wata malama ce take neman wanda ya ƙona ɗakin karatun garinsu, sai wani tsoho mai burodi ya ba ta wasiƙa, ya roƙe ta kada ta buɗe. Ni mai riƙon amana ce, ban buɗe ba.

Ranar Talata na dawo daga aiki na tarar an buɗe wasiƙar, labarin ya yi gaba da babi biyu. Raina ya ɓaci ƙwarai. Wasan yana ajiye kowane zaɓi da kansa, ba a komawa baya, abin da ɗan ƙwallo ba zai sani ba. Wahalar mako uku ta bi ruwa. A jikin madannin kwamfutar kuwa ga ɗan tabon baƙin mai.

Na saka wasan a wayata, na kai ƙarshensa cikin kwana huɗu. Ranar Asabar, muna cin abinci mu uku, na saki magana kamar ba komai. Na ce ashe mai burodin nan ne ya sa wutar, tsohon munafuki, gidan yari ya dace da shi.

Cokalin maigida ya tsaya a hanya.

“Haba, ki ji tsoron Allah,” ya ce. “Mutumin da ya shiga wuta ya fito da littattafan marigayiya ’yarsa? Ba ki karanta wasiƙar ba ne?”

Ƙanin ya ɗago kai a hankali. “Yaya, wace wasiƙa?”

Nan aka shiga kame-kame. Wai ƙura yake gogewa hannunsa ya taɓa. Na tambaye shi ko ƙurar ce ta kai babi biyu. Sannan na ɗaga wayata, na ce na san wanda ya sa wutar da gaske, bari in faɗa kowa ya huta. Sai ga babban mutum ya toshe kunnuwa da hannu mai maiƙo.

“Don girman Allah ki rufa mini asiri. Babi ɗaya ya rage mini.”

Na rufa, amma da sharaɗi: ya faro wasan daga farko, ya mayar mini da labarina inda na bar shi, da wasiƙar a rufe. Kwana tara ya yi yana karatu bayan ya tashi daga gareji. Da ya iso wurin wasiƙar sai ya zauna yana kallonta, ya ce in ba a buɗe ba, wa zai wanke tsohon nan?

Na dafa kafaɗarsa. “Kwantar da hankalinka, baban yara. Ai littafi ne kawai.”