Jirgin da Ya Ji Ƙishirwa

Antandu Gindo ɗan ƙabilar Dogon ne, a kan duwatsunsu ya girma. Bai taɓa shiga ruwan da ya wuce gwiwa ba sai da ya sauko bakin kogi noman albasa. Da jiran jiragen mutane ya ishe shi, sai ya sa tsoho Bakaina Jenefo, ɗan ƙabilar masunta ta Bozo mai haɗa jirage a garin Mopti, ya yi masa nasa.

Antandu ya so jirgin nan ƙwarai. Don kada ruwa ya ci katakon, ya ja shi kan yashi, ya bar shi wata biyu yana jiran girbi. Ranar da ya mayar da shi kogi, ruwa ya riƙa shigowa ta kowace mahaɗa kamar an tsoma kwando. Ga albasa a buhu, kasuwa saura kwana huɗu. Ya aika a kira tsohon.

Tun kakanni Bozo da Dogon abokan wasa ne, ɗaya ba ya cutar ɗaya. Antandu ya san in ya zarge shi da ha'inci a gaban mutane, sunan tsohon ya ɓaci ke nan. Ya daɗe yana juya maganar, amma da tsohon ya iso sai baki ya riga shi.

"Baba, jirgi ka yi mini ko rariya?"

Masuntan da ke bakin kogin suka ajiye komarsu, suka matso. Tsohon ya durƙusa, ya zura yatsa tsakanin katako biyu, ya fito da busasshen yashi. Ya dube shi, ya dubi Antandu.

"Laifina ne," in ji shi da ƙarfi. "Na ba ɗan dutse jirgi, ban gaya masa jirgi na shan ruwa ba. Ku kawo duwatsu. Kai ma ɗauko, ai 'yan'uwanka ne."

Aka kwashe da dariya. Suka tura jirgin inda ruwa ya kai ƙugu, suka cika shi da duwatsu.

"Baba, nutsar da shi za ka yi?"

"Ƙishirwa yake ji. Katako in ya bushe sai ya tsuke, in ya sha sai ya kumbura ya rungumi ɗan'uwansa. Kwana uku. Kada ka zo kana leƙensa kamar tukunya."

Rana ta uku suka kwashe duwatsun, suka yashe ruwan da ƙwarya. Tsohon ya bi mahaɗun da tsumma da man kaɗanya, a hankali, kamar mai ɗinki. Aka loda albasa. Suna tsakiyar kogi Antandu ya shafa cikin jirgin, tafinsa ya fito a bushe.

"Baba, ka san ni na ɓata shi. Me ya sa ka ɗauki laifin?"

"Kai ba ka sani ba, ni na sani ban faɗa ba. Je ka raba mana in ka iya." Ya miƙa masa gorar tuƙi. "Tashi tsaye, maci gero. Ware ƙafa. Dubi gaɓar can, daina kallon ruwan."