Tafarnuwar Doña Crisanta

Da ruwan farko ya sauka a ƙauyenmu, Doña Crisanta za ta saɓa kwando ta hau dutse neman naman ƙasa, wanda 'yan birni ke yi wa kallon lemar kwaɗi. Maƙwabciyata ce, ni na riƙe 'yarta Herlinda ranar baftisma, amma ko ni ba ta taɓa nuna wa inda take tsinko manyan nan masu faɗin tafin hannu ba. Rowar wuri gare ta.

"Comadre," na ce mata, yadda uwa da uwar baftisma ke kiran juna a wajenmu, "wai a ina kike samo su?"

"A bayan kunnenki," in ji ta. "Kawo tortiya, gurasar masarar nan, ki bar tambaya."

Ƙa'idarta irin ta iyayenmu ce: in za ta dafa, sai ta jefa tafarnuwa a tukunya. Idan ta yi baƙi, akwai dafi, a zubar. Idan ta fito fara tas, a ci.

Mafi kyawun cikin kwandon ba ya zuwa kasuwa, na jikarta Nayeli ne, 'yar Herlinda, yarinya mai surutu kamar rediyo. A daminar nan Nayeli ta fara ciwon ciki. Ta rame, tana tafiya tana tuntuɓe, surutun ya yi ta raguwa. Kakar ta ce jini ne ya yi ƙaranci, maganinsa romon naman ƙasa. Ciwo na ƙaruwa, tana ƙara romo, safe da yamma. Ni ma na goya mata baya.

Da yarinyar ta fara sanƙarewa, Herlinda ta kai ta asibitin birni, muka bi ta. Aka ɗebi jini. Ma'aikaciyar jinya ta fito ta ce dalma ce ta cika wa yarinyar jiki, ta tambayi abin da take ci da inda ake samo shi.

Crisanta ta kawar da kai gefe.

"Mama, ki faɗa mata mana!" Herlinda ta daka mata tsawa.

"Ƙasan tsohon ramin haƙar azurfa," Crisanta ta ce a hankali, "gindin tulin tokar nan da masu ramin suka bari. Amma 'yar nan, tafarnuwata ba ta taɓa yin baƙi ba, ko sau ɗaya!"

"Baba, tafarnuwa ba ta ganin dalma," in ji ma'aikaciyar. "Naman ƙasa yana tsotse ta daga ƙasa kamar soso. Wuta ma ba ta kashe ta."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Masu ramin sun kwashe azurfarsu sun yi gaba tun muna yara, babu wanda ya ce mana ƙala.

An sallami Nayeli da ranta, amma maganar ba ta dawo ba, kuma likita bai yi alkawarin za ta dawo ba. Herlinda ta daina haɗa ido da uwarta. Ranar da suka iso gida, Crisanta tana zaune a bakin murhu, babu komai a kan wuta. Yarinyar ta lallaɓo da ƙoƙonta, ta miƙa mata, ta yi ta kokawa da harshe har kalma ta fito, ta farko tun kwanciyarta.

"Kaka... romo."

Crisanta ta karɓi ƙoƙon.

"Babu, uwata," ta ce. "Ya ƙare."