Tabarmar da Aka Naɗe Kafin Lokaci

"Ban da gidajen da na ƙona," in ji Anacleto, "akwai wata magana."

"Ɓarawon akuya zai ƙaro mana da kaji!" wani ya faɗa daga baya. Aka kwashe da dariya.

Shekara uku ke nan da sojojin mamaya suka fice daga ƙasar Timor. Anacleto ya yi musu aikin daba, ya bi su ya tsallake iyaka, yanzu ya dawo ƙauye neman gafara. Dattawa suka shimfiɗa babbar tabarma, wadda ba a naɗe ta sai magana ta ƙare. A ɗaya gefen Felismina ce zaune cikin baƙaƙen kaya. Tun ranar da aka ja mijinta Juvinal ba ta ga ko takalminsa ba. Ba ƙashi, ba kabari, ba damar fita takaba.

"Yaya Felismina," in ji Anacleto, "na san inda mijinki yake kwance. Ni na riƙe shebur. In aka bi hanyar..."

"Dakata!"

Henrike ce, Baturiyar da masu aikin sulhu suka turo. Ta miƙe, fuskarta ta yi ja.

"Wannan zama na ƙananan laifuffuka ne. Kisa sai kotun birni. Kada ka ƙara kalma, za ta zama shaida a kanka."

"Hanyar ina?" Felismina ta yunƙura. "Anacleto, don Allah, hanyar ina?"

Amma ya riga ya ji an ce kotu. Ya sunkuyar da kai.

Tsoho Mau Leki, mai jagorantar zaman, ya ɗaga hannu. "'Yata, ba a tashi a bar tabarma a shimfiɗe. Kakanni na zaune a kanta."

"To, sai a naɗe," in ji Henrike da ladabi.

Ta durƙusa ta naɗe ta da hannunta, ta jingine a bango. Wata tsohuwa ta ɗora hannu a ka.

'Yan sanda suka tafi da Anacleto a farar mota. Bayan mako uku aka ce takardu sun yi wa kotu yawa, aka sallami Anacleto, aka ce ya je gida ya jira kira. Bai zo gida ba, iyaka ya sake tsallakewa.

Hanyoyi huɗu ne suka fita daga ƙauyen. Felismina ta saɓa fartanya, ta fara da ta bakin kogi.